Wadda Ake Ciyarwa

Ranar da labarin ya iso gidan Mama Verna, sai da tukunyar jan wake ta kama. Ɗanta Lucien ne ya faɗo ɗakin girki da waya a hannu, yana ihu kamar wanda ya ci caca.

"Mama! Dessa! Ku zo ku ji! An sa hannu a dokar! Daga bana ba haraji a kan aikin ƙarin lokaci!"

Mama Verna ta saki ludayi ta ɗaga hannuwa sama. "Na gode maka Ubangiji! Dama na san ba ka barci!"

Charmaine, matar Lucien, ta fito daga ɗaki da rabin kai a tsefe, ko tambayar abin da ya faru ba ta yi ba ta kama rawa. Odessa kuwa shigowarta ke nan daga hanya, riga ta manne mata a baya don gumi. Ba ta ankara ba yayanta ya sungume ta ya shiga juyi da ita a tsakar ɗaki har takalminta ɗaya ya fice ya daki firiji.

"Yaya, sauke ni! Har da direbobi?"

"In ba da mu ba, da wa? Masu manyan tireloli ne ake ta gardama a kansu. Mu 'yan ƙananan motoci muna ciki tsundum!"

Odessa ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama hannun mahaifiyarta suka taka tare, hayaƙin wake yana cika ɗakin ba wanda ya kula.

Wannan "mu" da Lucien ya ce, ga yadda take. Shi ne direba a ɗan kamfanin kai kwalaye na kawunsu Alcide, yana zagaya garin Opelousas na jihar Louisiana da ƙauyukan da ke kewaye. Awa arba'in ɗinsa na mako yake yi, ya ajiye makulli. Duk abin da ya haura wannan, na yamma da na Asabar da na Lahadi, ƙanwarsa Odessa ke yi, da rigarsa mai sunansa a ƙirji da katinsa a wuya. Awar ƙari ana biyan ta ɗaya da rabi, kuɗin kuma asusun Lucien suke faɗawa. Shi yakan ba ta na sabulu da na katin waya, sauran a ce na gida ne. Tun da aurenta ya mutu ta dawo ɗakin baya na gidan, haka ake yi, kuma kowa a gidan yana kiran tsarin da suna rufin asiri.

Da rawar ta lafa, Odessa ta ce, tana haki, "To Yaya, harajin da ake cirewa wanda gwamnati za ta dawo da shi fa? Ka san maganar makarantata."

Akwai makarantar koyon tuƙin manyan motoci a Lafayette. Ta daɗe tana son shiga, ta samu lasisi da sunanta, ta hau tirela ta bar wa kowa ɗakin baya.

Lucien ya dafa ƙirji. "Naki ne, ƙanwata. Ko sisi ba zan taɓa ba. Mama, ki zama shaida."

"Na shaida," in ji Mama Verna. "Ɗan'uwa ai rabin jiki ne."

Washegari Lucien ya je wurin kawu da kansa. Ya ce duk wata awar ƙari da ta samu, duk direban da ya ce ya gaji, a turo musu, su ba sa gajiya.

Aka kuwa turo.

Zafin Louisiana ya sauko da ƙarfinsa, ga motar ba na'urar sanyi, sai wata 'yar fanka da ke hura iska mai ɗumi kamar numfashin saniya. Odessa ba ta damu ba. Waƙa take yi tana tuƙi. Idan ta ɗauki kwali mai nauyi sai ta ce masa, "Zo nan, kai ne kuɗin littattafaina." Idan tirela ta wuce ta a babbar hanya sai ta ɗaga mata hannu ta yi hon da baki, "Baaam! Ku jira ni, ina tafe!" Wata tsohuwa da ba ta gani sosai, can wajen gonakin rake, kullum sai ta matso ta karanta sunan da ke rigar, ta ce, "Lucien, ɗana, ka rame, muryarka ma ta sirance." Odessa ta kawo labarin gida, aka yi ta dariya har Charmaine ta ƙware da shayi.

Shi kuwa Lucien ƙiba yake yi. Da yamma yana baranda a kujerar lilo, ƙafa a kan akwatin ƙanƙara, yana ta duba hotunan jiragen kamun kifi a waya. In Odessa ta wuce shi da makulli sai ya ɗaga kwalba ya ce, "A gaishe da jarumarmu! Gwamnati na tara miki!"

Kafin sanyi ya shigo ƙafafunta sun fara kumbura. Da safe sai ta zauna bakin gado ta daɗe tana lallashin bayanta kafin ya yarda ya miƙe. Wata Lahadi ta ce wa mahaifiyarta ko Yaya zai karɓe ta yau kaɗai, ta samu ta je coci ta kuma kwanta.

"Yayanki yana da hawan jini," in ji Charmaine daga bakin madubi. "So kike ya faɗi a hanya ki mayar da ni gwauruwa?"

"Allah yana ganin mai aiki ko bai je coci ba," in ji Mama Verna. "Zan yi miki addu'a a can. Daure 'yata, ai kanki kike yi wa."

Ta daure. Da ta tuna makaranta sai ciwon ya yi sauƙi.

Da Kirsimeti ta gabato, kaya suka yi ambaliya. Motar takan cika har rufi, kwalaye suna zubo mata a wuya idan ta taka birki. A wannan tsakanin ne wani kare ya fito daga ƙarƙashin wani gida ya kama ta a sha-raɓa. Ta ɗaure wurin da tsumman goge gilashi, ta ƙarasa rabon kayan, ta dawo gida jini ya cika mata safa.

Gidan ya rikice. Mama Verna tana kuka, Lucien yana zagaye. Amma da aka zo maganar asibiti sai kowa ya natsu.

"Cire rigar nan tukuna," in ji Lucien. "Ki ce musu karen maƙwabta ne, kina shanya."

"Yaya, a bakin aiki fa ya cije ni. Ba kamfani ne ke biya ba?"

Aka kira Kawu Alcide a waya, aka buɗe murya kowa ya ji. "Haba 'yata," in ji shi, "wane kamfani? A wurin masu inshora Lucien ne ke cikin motar nan, kuma ga Lucien da ƙafafunsa lafiya. In kika buɗe baki, ni za a rufe, yayanki ya rasa aiki, uwarki ta rasa gida. Kina so?"

Ba ta so. Ta ce karen maƙwabta ne. Aka ɗinke ta, takardar kuɗin asibiti ta zo da sunanta, wannan kam ba a yi kuskuren suna ba. Ranar Asabar ta koma mota tana ɗingishi. Charmaine ta ce ɗingishin ma ya yi mata kyau, kamar sabon salon rawa, Odessa kuma ta taya ta dariya, don Fabrairu, watan cike takardun haraji, ta kusa.

Ranar zuwa wurin mai cike takardun haraji, sai ka rantse biki za a je. Mama Verna ta sa hular cocinta mai fure. Charmaine ta sa dogon takalmi. Lucien ya fesa turare har sai da aka sauke gilashin mota. A hanya suka yi ta waƙa, Odessa tana kaɗa musu bayan kujera. Ofishin Madam Guidry ɗan ƙarami ne, kusa da shagon wanki, kujeru ba su isa ba, Odessa ta tsaya jikin bango don zama yana tayar mata da ciwon baya.

Madam Guidry ta gyara tabarau ta duba takardar albashin Lucien, sai ta ɗago ta kalle shi da mamaki.

"Kai bawan Allah! Duk wannan ƙarin lokacin kai kaɗai? Yaushe kake barci?"

Lucien ya sunkuyar da kai cikin tawali'u. "To Madam, ya za a yi? Iyali."

"Ina ma ɗana ya ji wannan. Mama, kin haifi namiji."

"Tun yana yaro haka yake," in ji Mama Verna, tana share ƙwalla da gefen yatsa.

Odessa ta toshe baki don kada dariya ta kufce mata. Ta harari yayanta da wasa, ya kashe mata ido.

Madam Guidry ta yi musu bayani. Ba dukan kuɗin ƙarin lokaci ake yafe wa haraji ba, rabin nan da ake ɗorawa a kan kuɗin awa ne kawai ake cirewa daga lissafi, kuma sai ma'aikacin da aka rubuta a matsayin ma'aikaci, wanda doka ta wajabta a biya shi ƙarin. Direban ƙaramar mota irin Lucien ya shiga. Fuskoki suka ɗan sauka da jin maganar rabi, amma da ta juyo da allon kwamfuta suka ga abin da zai dawo, Charmaine ta yi guɗa har mai shagon wanki ya leƙo.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Madam Guidry. "Akwai wanda kake ciyarwa a gidan bayan matarka? Wanda ba ya aiki?" Ta dubi Odessa. "Wannan fa?"

"Ƙanwata ce," in ji Lucien.

"'Yar'uwa, kin yi aiki bara? Akwai wani abin da ya shigo da sunanki?"

Odessa ta buɗe baki. Ta ji idon mahaifiyarta a kanta, ta ji dogon takalmin Charmaine ya taɓa mata ƙafa, daidai wurin ɗinkin.

"Da sunana? Babu."

"A gidansa kike zaune? Shi ke ci da ke?"

"Shi ke komai," Mama Verna ta amsa mata. "Ci da sha da wurin kwana."

"To madalla, wannan ma akwai ɗan rangwamen da ake ba mai ɗawainiya." Ta ƙwanƙwasa madannai, adadin ya ƙaru. Ta dubi Odessa ta saman tabarau, cikin tausayi. "Ki riƙe wannan yayan naki da kyau. Kuma ki ɗan nemi abin yi, ko na rabin rana ne, ki rage masa nauyi. Zama ba ya yi wa mace kyau."

A mota Lucien ya yi ta dukan sitiyari yana dariya. "Kun ji? Dessa ko a tsaye take jikin bango kuɗi take kawowa!" Kowa ya fashe. Odessa ma ta yi, amma tata ba ta kai zuci ba.

Ta ba kanta haƙuri. Takarda ce kawai, in ji ta, kuɗin dai nata ne, an yi shaida.

Kafin kuɗin su iso ta je wurin kawunta a ma'ajiyar kaya. Makarantar ta ce wanda ya kawo shaidar ya taɓa tuƙin kaya ana rage masa kuɗi, kuma ya fi saurin samun aiki. Ta roƙe shi ya rubuta mata 'yan layuka.

Kawu Alcide ya sosa ƙeya. "In rubuta me? In rubuta cewa na bar wadda ba ma'aikaciyata ba ta tuƙa motata? Ke ma kin san ba zai yiwu ba."

"To ka ɗauke ni da sunana, Kawu. Daga yau."

"Sabon direba sai na biya masa inshora, ga horo, ga gwaji. Kuma masu ba ni kwangila ba sa son wanda bai taɓa aikin ba." Ya faɗi haka yana kallon idonta, ko kunya babu. Sannan ya miƙa mata alewa daga kwalbar da ke kan teburinsa. "Gaishe da uwarki."

Wata Juma'a a cikin Maris, Odessa tana shanya a bayan gida ta ji hon da ihu. Ta zagayo ta tarar da motar Lucien tana ja da baya cikin tsakar gida, a bayanta an ɗauro jirgin kamun kifi, kore shar, da inji baƙi mai ƙyalli. Ba sabo ba ne, amma an wanke shi tas. A gefensa an rubuta VERNA da farin fenti.

Mama Verna ta ga sunanta ta dafe ƙirji ta zauna a ƙasa. Charmaine ta riga ta haye ciki tana ɗaukar kanta hoto. Maƙwabta suka firfito.

Odessa ta ja yayanta gefe. "Yaya, kuɗin sun shigo ke nan?"

"Sun shigo. Saurara, Dessa, kada ki ɓata fuska a gaban mutane. Ai kin ji da kunnenki, rabi ne kawai, ba yadda muka zata ba. Da na ba ki, makaranta za ta haɗiye su, ki fito ki shiga layin neman aiki. Wannan kuwa jari ne. Kafin alƙalami na bayar, sauran a biya wata-wata. Kifi za mu kama, mu ci, mu sayar. Baɗi war haka, makarantarki har da sabon takalmi."

"Ka ce ko sisi ba za ka taɓa ba. Mama ta shaida."

Mama Verna ta taso tana kakkaɓe siket. "Na shaida, kuma ban ga ya ci amana ba. Cikinsa ya zuba? Ga abu nan a tsakar gida kowa na gani, na gida ne, ke ma 'yar gida ce. Tun da kika dawo, wa ya taɓa tambayar ki kuɗin haya? Kada ki zama mai baƙin ciki da arzikin ɗan'uwanki."

Odessa ta juya musu baya. Ta koma ta ƙarasa shanyarta.

Washegari Asabar aka haɗa walimar jirgi. Tun da hantsi aka ɗora babbar tukunya a tsakar gida, aka zuba jatan lande buhu guda da masara da dankali da yaji mai sa hawaye. Aka shimfiɗa jaridu a kan tebura. Wani maƙwabci ya kawo abin kiɗansa, akodiyon. Jirgin bai taɓa ruwa ba tukuna, yana nan kan abin jansa mai tayoyi a kan ciyawa, amma mutane suka cika shi maƙil. Lucien ya sa hular kyaftin ya riƙe sitiyari yana kwaikwayon ƙarar inji da baki. Duk lokacin da ya karkata, sai kowa ya karkata tare da shi yana ihun igiyar ruwa. Wani dattijo ya jefa ƙugiya ya kamo takalmin Charmaine, aka yi ta tafi ana cewa a auna kifin. Mama Verna tana gaban jirgi da hular fure, tana ɗaga wa masu wucewa a titi hannu kamar sarauniya.

Ana cikin haka wayar Lucien ta yi ƙara. Kawu ne, mota ta cika tana jira. Lucien ya laluba aljihu, ya cillo makulli daga saman jirgi ba tare da ya daina ƙarar injinsa ba.

"Dessa! Kama! Za mu ajiye miki naki!"

Makullin ya faɗi a kan ciyawa kusa da ƙafarta. Odessa ta dube shi. Sai ta tsallake shi, ta je tebur ta cika faranti da jatan lande har yana zuba, ta kama tsanin jirgi ta hau a hankali, tana jan ƙafar da ke ciwo. Ta ce wa Charmaine ta matsa. Ta zauna a kujera mai laushi, ta miƙe ƙafafu a kan akwatin ƙanƙara, ta ɓare na farko ta tsotse kansa.

"Ke Dessa, ba ki ji ba ne? Kawu na jira."

"Na ji, Yaya. Ai direbansa yake jira." Ta ɗaga murya yadda na titi ma za su ji. "Jama'a, ku taya ni murna! Ni gwamnati ta tabbatar ba na aiki. Ciyar da ni ake yi. To yau na zo a ciyar da ni. Charmaine, miƙo min masarar can."

Baƙi suka ɗauka wasa ne, suka kwashe da dariya. Mai akodiyon ya ja mata kiɗa. Wani ya ɗaga kwalba ya ce, "Kyaftin, je ka yi abin da ka saba! Mun ji labarin ba ka barci!" Aka ɗauki waƙa ana tafi, "Jarumi! Jarumi!" Lucien ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, duk mutanen da ya gama yi wa alfahari da awanninsa. Ba hanyar fita. Ya cire hular kyaftin, ya sauko, ya sunkuya ya ɗauki makullin daga ciyawa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce a hankali, "Dessa, hanyar Asabar ɗin, ta ina ake farawa?"

"Oho. Tambayi mai sunan."

Odessa ta yi dariya har hawaye suka zubo mata, yaji da kuka da daɗi duk sun cakuɗe, ita kanta ba ta san wanne ne wanne ba. Rabonta da zama ranar Asabar da rana a kanta, ta manta.

Mama Verna ta rarrafo daga gaban jirgi ta zauna kusa da ita. Murmushin baƙi yana fuskarta, amma muryar da ta fito ta tsakanin haƙora ce.

"Kin kunyata ɗan'uwanki a gaban jama'a. Yau kaɗai ne wannan haukan, ko?"

"Ban sani ba, Mama. Zaman ya yi min daɗi."

"Ke yarinya, ki shiga hankalinki. In kika daina, wa zai biya sauran kuɗin jirgin nan?"

Odessa ta daina tauna. Ta dubi mahaifiyarta sosai. Tun dawowarta gidan ake ce mata ita ce nauyi, ita ake rufa wa asiri, ita ake ci da ita. Ashe duk wanda ke faɗin haka ya san ainihin wanda ke ɗauke da gidan, har ya san ba za a iya wata guda ba tare da ita ba. Ba mantuwa aka yi ba, ba kuma rashin sani ba ne. An dai ga ƙwaryar da ba ta ƙara ne, aka yi ta kwasa da ita.

Ta goge yatsunta da jarida, ta zaɓi jatan lande mafi girma a farantin, ta ɓare shi tsaf ta ɗora a tafin hannun tsohuwar.

"Ci, Mama," in ji ta. "Ni ce na saya."